Yaya ake gane tsohon mashin mai sauran ƙwari kafin a biya kuɗi?

Manomi daga Bunza:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san mashin ciki da bai. An kawo mini tallan Boxer na hannu, mai shi ya ce shekararsa shida zuwa bakwai, kuma wai bai taɓa yin kabu-kabu ba. Fenti tas, sabuwar kujera, sababbin madubai, yana tashi da kiki ɗaya. Sai dai agogon kilomita ba ya aiki, kuma babu rasit na asali, sai takardar cinikin da ya yi da wanda ya sayar masa. Aikin da nake so ya yi shi ne zuwa fadama, ɗaukar buhun taki ko na shinkafa, da zuwa Jega ranar kasuwa. Me zan duba, kuma da me zan fara? Akwai kuma wani tsohon Jincheng mai hayaƙi, wato mai ƙona fetur haɗe da mai, da wani mashin samfurin CG, duka sun fi shi araha, ko su zan duba? Dillali ya ba ni zuwa jibi.

Bakanike daga Gusau:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka cire fenti da kujera da madubi daga lissafi, wannan kwalliyar kasuwa ce, a yini ɗaya ake gama ta. Tashi da kiki ɗaya ma ba shaida ba ce in ba ka san yaushe aka kashe shi ba, domin inji mai ɗumi ko ya gaji zai tashi. Ka ce a bar shi ya kwana, ka je bayan sallar asuba kafin kowa ya taɓa shi. Kana isa ka ɗora bayan hannunka a kan haƙarƙarin silinda da wuyan salansa. In ka ji ɗumi, an riga ka, ka ce sai gobe.

Kada ka tayar tukuna. Kafa shi a kan ƙafar tsakiya a wuri mai daidai, ka duba baƙin mai. Ɗigo shi a yatsa, ka murza, ka kalle shi a hasken rana. Baƙin launi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Abin tsoro shi ne ka ga ƙyalƙyali a ciki kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wannan boris ne ko konrod, wato sandar da ke riƙe da fistan, ko haƙoran giya suke cinye kansu. In launinsa ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga injin, kuma a ƙasarku ta fadama da ƙetare rafi da ambaliya wannan ba baƙon abu ba ne. In kuma ya yi kauri yana yauƙi kamar zuma, da wani wari mai kaifi, to man giya na mota aka zuba don a danne ƙara a rage hayaƙi. Mafita mai sauƙi: ka sayi lita ɗaya ta baƙin mai 20W-50 da kuɗinka, kusan abin da Boxer ke ci ke nan, ka ce a juye na ciki a gabanka cikin kwano mai tsabta. Mai mashin da ya san kayansa ba zai ƙi mai kyauta ba. Lokacin juyewa ka sa ido a kan ƙusar juye mai. In ka ga an naɗe ta da zare ko leda, ko an shafe ta da gam, haƙoran kes, wato gidan injin, sun cinye, kuma kes alminiyom ne, gyaransa ba na wasa ba ne.

Daga nan filogi. A kwance shi a gabanka. Bakinsa in ya yi ƙasa-ƙasa kamar launin busasshen ganyen taba, injin yana ƙona mai daidai. Baƙi busasshe mai kunkunniya, fetur ya yi yawa, ko dai kabureta ko matatar iska ta toshe, wannan ƙaramin gyara ne. Baƙi mai danshi da maiƙo, baƙin mai yana hawowa ɗakin wuta, ka shirya wa ringi ko sil na bawul. Fari fat kuma, injin yana aiki da ƙarancin fetur yana zafi fiye da ƙima. In filogin sabo ne dal, bai gaya maka komai ba, sai an yi tafiyar kilomita goma ka sake dubawa. Tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 na milimita ce. Ka lura kuma ko yana ɗauruwa sosai a raminsa, don ramin filogi da ya cinye yakan sa a sauke kan inji.

Ƙarfin matsi kuma da tafin hannu ake fara jin sa. A mayar da filogi, makulli a kashe, ka danna kiki da hannu a hankali. Lafiyayyen inji zai kai wani wuri ya tokare ka, sai ka sa ƙarfi sosai kafin ya wuce. Wanda ya gaji zai zarce ƙasa sulɓu ba gardama. In bakaniken da ka je da shi yana da agogon awon matsi, ya fi: a buɗe totur gaba ɗaya, a buga kiki biyar ko shida. Abin da ya haura 120 a ma'aunin psi yana da sauran rai, abin da ya gaza 100 ya gaji. In ya yi ƙasa, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi a sake awo. In allurar ta hau, ringi da silinda ne suka ci. In ba ta motsa ba, bawul ne ba sa rufewa.

Akwai wuri ɗaya da yawancin masu saye ba sa buɗewa, kuma a ƙasar nan shi ya fi faɗin gaskiya: akwatin matatar iska. Buɗe ka ga soson. In ya yage, ko ya bushe yana marmashewa, ko babu shi sam, sa yatsa cikin robar da ta haɗa akwatin da kabureta. In yatsanka ya fito da ƙasa mai gurzawa, injin ya shekara yana shan ƙurar hunturu kai tsaye. Ƙura in ta haɗu da mai tana zama kamar takardar goge ƙarfe, ita ke cinye ringi da bangon silinda. Mashin mai shekara uku da aka bari ba soso ya fi mai shekara takwas da ake wanke sosonsa tsufa.

Sai yanzu za ka tayar, kuma kai da kanka. Inji mai sanyi ya tashi a kiki ɗaya zuwa uku da cok, wannan daidai ne. Ka sa wani ya tsaya bayan salansa tun bugun farko. Ɗan farin tururi da safe ba komai ba ne. Baƙin hayaƙi fetur ne. Shuɗin hayaƙi mai warin ƙonannen mai shi ne magana: in da farkon tashi kawai ya fito ya ɗauke, sil na bawul ne, in kuma yana ƙaruwa duk lokacin da aka murɗa totur, ringi ne. Boxer ba mai hayaƙi ba ne, kada kowa ya ce maka haka suke.

Ƙara kuma sai da dogon sukundireba: bakinsa a jikin inji, ƙotarsa a kunnenka. Tik-tik siriri daga sama tafet ne, wato abin da ke danna bawul, sau da yawa saiti kawai yake so. Shar-shar kamar ana jan sarƙa a kan kwano daga gefen silinda, taimin cen ne ko abin da ke ɗame shi, gyara ne matsakaici. Ƙwas-ƙwas daga tsakiyar silinda da ke raguwa in inji ya yi zafi, fistan ne ya sami wuri yana dukan bango. Wanda za ka gudu a kansa shi ne ƙwan-ƙwan mai nauyi daga ƙasa, wanda ke fitowa sosai in ka murɗa totur ka saki, ko gurnani da kake ji har a tafin ƙafa. Wannan konrod ne ko boris na kiranki, sai an raba inji biyu.

In ya yi zafi, ka bar shi yana aiki shi kaɗai minti biyar. Ya tsaya daram ba ya mutuwa, ba ya hawa da kansa. Kashe shi, jira minti biyu, sake bugawa. Wanda ke tashi da sanyi amma ya ƙi da zafi, ko bawul sun matse ko koyil ya fara mutuwa. Sannan ka leƙa ƙarƙashinsa da gindin silinda da bayan ƙaramin siforoket, ka ga inda sabon mai ya tsattsafo, tunda wankin da aka yi masa ya share tsohon.

Dattijo daga Zuru:

Malam bakanike ya gama da inji, Allah ya saka da alheri. Ɗana, ni abin da zan ja hankalinka a kai shi ne shasi, kuma a ganina ya fi inji nauyi a wannan ciniki. Inji duk lalacewarsa akwai kayansa a shago. Shasin da ya lanƙwashe ko ya tsage a wuya ba ya komawa yadda yake, kuma kai buhun taki mai kilo 50 za ka riƙa ɗora masa, wani lokaci biyu, a kan hanyar fadama.

Ka sa a cire kujera da murafen gefe, in mai shi ya yarda har da tanki, ƙusa kaɗan ce. Duba wuyan shasi inda kan mashin ke juyawa, da ƙarfen da ke ƙarƙashin tanki, da inda inji ya ɗauru, da inda shokozoba na baya suka kama. Waldar kamfani sumul take, a jere kamar ɗinkin tela. Waldar bakin titi tana da ƙuraje da tudu, kuma galibi za ka tarar an shafe ta da baƙin fenti mai sheƙi wanda bai yi kama da na kewayensa ba. Fentin da ya tattare ko ya ɓare a wuyan shasi alama ce ta karo da ka. Ka duba kuma ƙananan ƙarafan da ke tare kan mashin in an juya shi ƙarshe, in ɗaya ya karye ko ya lotsa, ya sha mummunar faɗuwa.

Koma baya taku goma ka tsuguna ka hango shi daga baya. Tayar baya ta rufe ta gaba daidai. In kana ganin ta gaba ta leƙo gefe ɗaya, ko dai ba a ɗaure tayar baya daidai ba, ko shasi ya karkace. A daidaita ɗaurin sarƙa gefe biyu a sake dubawa, in bai gyaru ba ka bar musu kayansu.

Maganar cewa bai yi kabu-kabu ba, mashin zai faɗa maka da kansa. Agogon kilomita da ya mutu ba abin mamaki ba ne, wayarsa kan tsinke a bar ta, don haka tafiyarsa a jikin ƙarfe ake karanta ta. Dubi matakin fasinja na baya: in ya sha walda ko ya goge sumul, ya ɗauki mutane ba adadi. Dubi fedar birki da ta giya da kiki, ƙarfen da ƙafa ta cinye har ya yi sheƙi ba aikin zuwa ofis ba ne. Makullin da ke rawa a raminsa ko yake zarewa inji na aiki, shi ma haka. Kariyar da aka ƙara wa tsawo ko aka tokare da rodi, da shokozoban baya da aka canza zuwa masu kauri, mashin kaya ne. Irin waɗanda suka yi jigilar buhunan dutse a wuraren haƙar zinare na Anka da Bukkuyum, ko hatsi daga ƙauye zuwa kasuwa, ƙarfen ƙarƙashin kujerarsu ne ke fara tsagewa.

Da yake yana kan ƙafar tsakiya, wani ya danne baya tayar gaba ta tashi. Juya kai hagu da dama a hankali. Ya tafi sumul, kada ya maƙale a tsakiya kamar ya faɗa rami. Kama ƙafafun gaba biyu ka ja gaba da baya, in ka ji ƙwal-ƙwal boris na wuya ya saki ko ya ci. Bututun shokozoban gaba kada su yi tsatsa mai rami ko zoben mai. Kama kowace taya sama da ƙasa ka girgiza, ka ji boris ɗinta. Ta baya kuma ka tura ta hagu da dama, in duk ƙarfen da ke riƙe da ita yana motsi, bush ɗinsa ya mutu, kuma da kaya a baya zai riƙa yi maka rawa a yashi. Juya tayar ka kafa yatsa kusa da rim ka ga ko yana kaɗawa. Bi wayoyin taya da sifana kana ƙwanƙwasawa: mai ɗauri tana ƙara tin, sakakkiya tana ƙara dum.

Taya tana da ranar haihuwa a gefenta, lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. In ka ga 3521, mako na 35 ne na shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara biyar ko take da tsage-tsage a gefe, ka sa kuɗin sabuwa a lissafi ko da zanenta bai goge ba.

Sarƙa: tsakiyarta ta yi wasa sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30. Ja ta daga bayan babban siforoket, in ta ɗago har ka ga fiye da rabin haƙori, ta ƙare. Haƙoran da suka yi tsini suka lanƙwasa kamar ƙaya su ma sun ƙare, kuma tare ake canza su ukun. Birki kuwa, in an murɗa noti har ƙarshen sanda, takalmin birki ya cinye, wani lokaci har da kwanon.

Sannan ka hau, kada ya gaza kilomita goma, kwalta da burji, da mutum a baya. Sa kowace giya ka murɗa sosai ka saki, musamman ta biyu, don ita ta fi saurin fita da kanta in haƙoran ciki sun ci. A giyar ƙarshe kana tafiya a hankali ka buɗe totur gaba ɗaya: in inji ya yi ihu gudu bai ƙaru ba, kuloc yana zamewa. A hanya miƙaƙƙiya da babu kowa ka sassauta riƙon kai ka ji ko yana ja gefe ɗaya.

Mai bin zancen daga Talata Mafara:

Ɗan'uwa, duk wanga bayani shina da kyau, amma ni takardu nike son ka sa gaba, don wanga yanki namu ba kamar ko'ina ba ne. Mashin shi ne abin hawan 'yan bindiga, kuma shi ne abin da aka fi sacewa ko ƙwacewa. Shi ya sa a 2021 gwamnatin Zamfara ta taƙaita hawan mashin da dare ta hana sayar da fetur a jarka. Duk shingen jami'an tsaro da ka iske, lambar shasi da ta inji za a fara dubawa. In aka samu na sata ne, a hannunka aka gan shi, kuɗɗinka sun tafi, kai kuma kana da bayanin yi.

Lambar shasi tana jikin wuyan mashin, haruffa da lambobi 17 ne. Na Bajaj, kamfanin da ke yin Boxer, da MD2 suke farawa, na TVS da MD6, na ƙasar Sin galibi da L. Ta inji tana jikin kes ta gefen fedar giya. Goge wurin da tsumma da ɗan fetur, ka shafa da yatsa. Bugun kamfani shina da zurfi ɗaya, girma ɗaya, layi ɗaya. In wurin ya yi kwari, ko akwai sawun zarto, ko wata lamba ta fi 'yan'uwanta zurfi ko ta karkace, ko an lafta mishi fenti mai kauri a nan kaɗai, kada ka tsaya ciniki. Ɗora farar takarda ka goga fensir, ka riƙe ka gwada da abin da ke rubuce harafi da harafi.

Rashin rasit na asali ba shi ne ke nuna sata ba, takarda takan ɓace. Amma dole mai shi ya haɗa ka da wanda ya sayar mishi, ka ji ta bakinshi, in da hali har shagon da aka fara saye. In ya fara cewa mutumin ya yi tafiya, waya ba ta shiga, ka janye. In an yi ciniki, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwar mashin, da shaidu biyu da ka sani, a sa lambobin nan biyu, da launi, da kuɗɗi, da hoton katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunanshi, ba na dillali ba, la'adar dillali daban. Ka kai lambobin ofishin 'yan sanda a duba ko an kai rahotonshi, sannan ka yi mishi rajista da lamba da sunanka. Wa'adin jibi da dillali ya ba ka kuma kada ya ruɗe ka, mashin bai ƙare a kasuwa ba.

Manomi daga Bunza:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. An duba shi da safe yana sanyi. Ya tashi a kiki na uku da cok. Shuɗin hayaƙi ya fito kamar minti ɗaya ya ɗauke. Akwai tik-tik daga sama. Mai baƙi ne ba ƙyalƙyali, soson iska yana nan da ɗan maiƙonsa, kiki yana tokarewa. Lambobi sun yi daidai da takarda, kuma an yi magana da mai shi na farko. Sarƙa ta kai ƙarshe, akwai walda ƙarƙashin kujera wajen kariya, hon ba ƙarfi, kuma kawunan ƙusoshin kan inji sun sha sifana. Wannan na ƙarshen ne ya tsorata ni, an ce mashin da aka taɓa buɗe injinsa ba a saye.

Mai shagon kayan mashin daga Jega:

Malam, wannan magana ta cewa ba a sayen wanda aka buɗe, ban yarda da ita haka kai tsaye ba. Mashin mai shekara bakwai a ƙurar nan, a ce ba a taɓa sauke kansa ba, shi ne abin tambaya. Canza ringi, ko fistan da bulok, ko wasa bawul, gyaran sama ne, kuma in an yi shi da kaya masu kyau ƙarin kwana ne. Abin da za ka bincika shi ne ko an raba kes biyu. Bi layin da ya raba injin ta ƙasa ka gani: gam ja ko toka-toka da ya bultso waje, ƙusoshin da ba iri ɗaya ba, gefen kes da aka ɓantare da sukundireba wajen ɓamɓarewa. In akwai, tambayi me aka canza da wane bakanike ya yi, ka je ka tambaye shi. Gam mai yawa yana da nasa haɗarin, don abin da ya bultso waje irinsa ya bultso ciki, ya ɓalle ya toshe rariyar mai, kan inji ya bushe.

Kayan Boxer akwai su a kowane gari, amma hawa-hawa ne, na kamfani da na kwaikwayo, kwalinsu kusan ɗaya. Fistan da ringi na kwaikwayo za su yi shiru wata biyu ko uku su fara hayaƙi, shi ya sa wasu ke sa su daf da sayarwa. Gasket sabo fil a gindin silinda a mashin da ake talla, ka tambaya.

Yadda za ka yi lissafi: rubuta duk abin da ka gani, ka zo kasuwa ka ji farashin na kamfani, ka haɗa da kuɗin aiki. Sarƙa da siforoket, takalmin birki, batir, taya, wayoyin kuloc da totur, waɗannan kayan cinyewa ne, ba sa hana ciniki, rage kuɗi suke sa a yi. Kiranki, giya, fasasshen kes, su ne ke cinye ribar sayen na hannu. In kuɗin mashin da na gyara suka haɗu suka kai kashi biyu cikin uku na sabo, ni shawarata ka ƙara haƙuri ka tara.

Jincheng mai hayaƙi, irin AX100, ba shi da bawul ba shi da taimin cen, gyaransa sauƙi, yana da fizga. Amma ya fi shan fetur nesa ba kusa ba, ga kuɗin man 2T da yake ƙonawa tare da fetur a kai, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin abu ba ne. In za ka duba shi, ka ga ko famfon 2T yana aiki. Da yawa an kashe shi ana haɗawa a tanki, kamar mililita 25 a kowace lita, kuma ranar da aka manta, fistan ya kama. In yana hawa da kansa a tsaye, sil na kiranki yana shan iska. CG kuwa sanduna ke tura bawul ɗinsa, ba sarƙa, don haka ɗan kaf-kaf a samansa halinsa ne, saitin tafet ɗinsa 0.08 na milimita. Yana da juriyar kaya, yana da jijjiga, kuma ya fi Boxer 100 shan mai. Ga zirga-zirgar kullum Boxer ya fi maka sauƙin aljihu. Ka gwada shi: a rufe famfon tanki, a ba shi lita ɗaya daga gora, lafiyayye ya kamata ya haura kilomita 40 ba wahala. Ka haska cikin tankin ma da tocila, don man bumburutu yakan zo da ruwa, ruwan ya kwanta a ƙasa ya yi tsatsa, tsatsar ta riƙa toshe kabureta.

Bakanike daga Gusau:

Ƙanena, abin da ka lissafo bai yi muni ba. Hayaƙin minti ɗaya da safe sil na bawul ne: mai yana ɗiga ta jikin sandar bawul cikin dare, ya ƙone da tashin farko. Robobi biyu ne ƙanana masu araha, sai dai a sauke kan inji, don haka ka sa kuɗin gasket da aiki. Don ka tabbatar ba ringi ba ne, in ya yi zafi sosai ka ja shi da ƙarfi a giya ta biyu da ta uku wani yana binka a baya yana kallon salansa. In ba shuɗi, ringi na nan.

Tik-tik ɗin kada ka saya da zato. Ka biya a saita tafet kafin ciniki, aikin minti ashirin ne, da inji mai sanyi, 0.05 na milimita a duka biyun, da ma'aunin ganye ba da ƙiyasin hannu ba. In ƙarar ta ɗauke, shi ke nan. In tana nan, roka ko kam sun ci. Tun da murfin tafet yana buɗe, a tayar na 'yan daƙiƙu ka leƙa: mai ya riƙa fantsama a ciki. In wurin a bushe yake ko ya yi baƙin dasƙare kamar kwalta, mai ba ya isa sama, ka fasa.

Hon mara ƙarfi a auna da mita. Inji a kashe, batir ya ba da volt 12.4 ko fiye. In an murɗa totur ya hau 13.5 zuwa 14.5. In bai hau ba, ba ya caji, a duba koyil da rektifaya. In ya wuce 15, rektifaya ta lalace, za ta riƙa ƙona ƙwai da dafa batir. Ka buɗe bayan fitilar gaba ka ga wayoyi, in duk ɗauri ne da leda da salatif, ka sa kuɗin sabuwar wayarin gaba ɗaya, don da damina za ta dame ka.

Dattijo daga Zuru:

Waldar nan ka sake komawa kanta, ɗana. In a kan kunnen da kariya ke ɗauruwa take, ba komai, ana yi. In a kan bututun shasi ne kansa, tsakanin inda shokozoba ya kama da ƙarshen kujera, to a kankare fentin da burushin ƙarfe ka gani da idonka. Tsagar da aka bi da walda a sama kawai za ta sake buɗewa a gefen waldar, siririya kamar gashi, da jan tsatsa a bakinta. Gyaran kirki shi ne a zura ƙarfe cikin bututun ko a yi masa riga a waje kafin a walde, kuma a yi wa gefe biyu. Ka sa mutum biyu su zauna a baya su yi tsalle a kai kana tsugune kana kallon wurin. In ka ga bakin tsagar yana motsi ko kaɗan, buhun shinkafa ba zai hau nan ba sai an sake aikin, kuma kuɗin sake shi daga cikin kuɗin mai sayarwa zai fita.